Wuƙar Akawu Ladan da Yatsun Zakka

Akwai wani akawu da aka yi a garin Bauchi, lokacin da Turawa suka fara ɗaure kayansu za su tafi. Sunansa Ladan, a wani kantin Turawa yake aiki. Turanci kam ya iya, ko maƙiyinsa ba ya musun wannan.

Ciwonsa ɗaya ne: ɗan wakafin nan da ake ratayawa a saman kalmar Turanci, mai kama da kashin ƙuda.

Dokar a kansa take. In abu ya fi ɗaya, ka ƙara "s" ka wuce, ba ruwanka da wakafi. Sai in abin mallakar wani ne, ko an haɗiye harafi. Kuma gaskiyarsa ce. Amma Ladan ba da baki yake gyara ba. Wata 'yar wuƙar feƙe fensir gare shi a aljihu. Allon duk wanda ya gani da wakafi a inda bai dace ba, ba sallama ba neman izini, sai ya ɗare ya kankare. Tela ya sha, mai gyaran agogo ya sha.

To, mai rubuta allunan nan wani bawan Allah ne a unguwar Wunti, Zakka, mutumin kudancin Bauchi. Hannunsa kamar na inji. Sai dai Turancinsa na ido ne. Ya ga Turawa suna sa wakafin, ya ɗauka kwalli ne. Duk "s" da ta zo ƙarshen kalma sai ya yi mata kwalliya.

Ran nan Ladan ya same shi yana rubuta wa mai hayar keke allo, ya rangaɗa BICYCLE'S da jan fenti.

"Kai Zakka! Sai yaushe zan daina kankare ƙazantarka?"

"Malam Akawu, ai ni kankarewar kawai nake gani. Ba ka taɓa gaya mini laifinsa ba. Zauna ka nuna mini mana."

"Ni? In zauna in koya wa jaki karatu?"

Zakka ya yi dariya. "Ranka ya daɗe, ai jakin ne ya rubuta allon kantinku."

Masu zaman rumfa suka ƙyalƙyale. Dariyar nan ce ta hau wa Ladan ka. Ya suri guntun katako, ya sauke shi a bayan hannun Zakka da ke kan benci. Ƙas! Bai tsaya ba, ya ƙara. Yatsu biyu suka karye, jini ya haɗu da fenti har ba ka bambance su.

Mai ɗori ya yi iya yinsa, amma yatsun a karkace suka warke. Matarsa Roda ta ce sai an kai ƙara. Zakka ya ce, "Mutumin da 'yan doka ke gaishe shi a hanya? Bar shi da Allah, Roda." Ya koma sana'arsa, yana tallafe hannun dama da na hagu.

Ana nan sai zaɓe ya zo, wanda aka yi gab da samun mulkin kai. Gari ya yi zafi. Yau a yaga tutar waɗannan, gobe a fasa kan waɗancan.

Wata jam'iyya ta sa Zakka ya rubuta mata ƙaton allon maraba da manyanta, aka kafa a Ƙofar Wambai. An taƙaita muƙamin manyan da haruffa, an ƙara "s" don suna da yawa. Zakka kuwa bai bar ta ba kwalli ba. Mai gadin allon shi ne Hammawa, shugaban 'yan banga, ƙato mai gora. Bai san "a" ba, amma ya san allon nasu ne.

Bayan azahar sai ga Ladan a kan keke. Idonsa ya sauka kan wakafin. Kowa a garin ya san ba a taɓa kayan jam'iyya a kwanakin nan. Ladan ya jingina keke, ya taka sirdi, ya zaro wuƙa, ya fara ƙwar-ƙwar.

"Ga ɗan hamayya da wuƙa!"

Aka shure keken. Kafin ya kai ƙasa gora ta tare shi. Mai kulki na yi, mai takalmi na yi. Farar rigarsa ta koma ja, haƙori ɗaya ya yi nasa wuri. Shi kuma maimakon ya ce "ku yi wa Allah", sai ya dinga kwarara musu bayani da Turanci. Suka ce ma zaginsu yake, suka ƙara.

Hammawa ya ce, "Ku tsaya. Hannun da ya taɓa allon nake so."

Aka kife turmi, aka danne hannun damansa a kai. Akawu ba hannu, ai an gama da shi. Hammawa ya ɗaga gora.

"Dakata, Hammawa!"

Zakka ne, ɗauke da gwangwanin fenti, ya zo ƙarasa gefen allon.

"Wannan ba ɗan hamayya ba ne. Ko sunan ɗan takararku bai sani ba. Ciwon wakafi ke damunsa." Ya ɗaga karkatattun yatsunsa. "Ga shaida. A kan wakafin ya yi mini wannan."

Hammawa ya kalli yatsun, ya yi murmushin mugunta, ya miƙa masa gorar. "Ashe naka ne. To rama."

Ladan ya runtse ido.

Zakka ya karɓi gorar, ya jinjina ta, ya ajiye a ƙasa. Sai ya tsoma buroshi a fenti, ya cusa shi a cikin hannun nan na Ladan.

"Malam Akawu, tashi. Abin da ka cire za ka mayar. Ni hannuna ba ya kaiwa can sama."

Jama'a, da kun ga fuskar Ladan! Baki a kumbure, ya hau kan turmin, ya zana wakafin da ya fi tsana a duniya, a inda ya san ba wurinsa ba ne. Hammawa na ƙasa yana cewa, "Ƙara masa girma!" Ya ƙara.

Zakka ne ya tura masa keken har gida. A ƙofar gida ya ce, "To yanzu, Malam, gaya mini da baki. Ina ake sa abin nan?"

Da sabon giɓinsa Ladan ya yi bayani. Kafin ruwan wanke ciwo ya tafasa, Zakka ya gane. Ya kalli yatsunsa, ya ce, "Ashe iyakarsa ke nan?"

Ladan bai iya ɗago kai ba.

Darasi: Don kana da gaskiya ba a ba ka izinin wulaƙanta mutum ba. Wanda ya yi kuskure, zaunar da shi ka gaya masa da baki, wataƙila nuni kawai yake jira. Hannun da ka karya yau, ba ka san ranar da naka zai kwanta a gabansa ba. Ku tura wa wannan abokin naku da ba ya barin rubutun kowa ya huta, ai kun san shi.