Furar Da Inna Hannatu Ta Ƙi Sha

Akwai wani likita mai suna Manzo, haifaffen Filinge, amma a Yamai yake aiki. Ciwon ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ya karanta, kuma ya iya aikinsa, wannan ko maƙiyinsa bai musa ba.

Yana da wani ɗan karne, wato ƙaramin littafin rubutu, da ba ya rabuwa da shi. Kowane shafi ya raba shi gida uku: lokaci, abin da ya faru, dalili. Shekara da shekaru gida na uku bai taɓa zama fanko ba. In ka ce masa ka yi atishawa sau biyu da safe, sai ya gaya maka abin da ya jawo.

Gidansu gidan Kirista ne, ɗaya daga cikin ƴan kaɗan a unguwar. Mahaifinsa malamin lakkol ne, wato makarantar boko, da aka turo daga wajen Dogon Dutsi, a Filinge ya tsufa, a nan aka binne shi. Mahaifiyarsa, Inna Hannatu, ta ci gaba da zamanta cikin maƙwabta Musulmi. Da layya a aiko mata da nama, da Kirsimeti ta aika da shinkafa gida-gida. Babbar aminiyarta Inna Delu ce, mai fura, katanga ɗaya ta raba su.

Manzo ya bar zuwa majami'a tun yana shekara ta biyu a jami'a. Bai yi faɗa da kowa ba, dainawa kawai ya yi. In uwar ta ce Ubangiji ya warkar da wance, sai ya ce, "Wane magani aka ba ta?" In ta kawo labarin makahon da Yesu ya buɗe wa ido, sai ya ce da yana wurin da ya fara duba idon tukuna.

Ita dai sai ta ce, "To, likita," ta ci gaba da tsince wakenta.

Wata safiya Inna Hannatu ta faɗi a bakin randa. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Manzo ya kai ta Yamai, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, shi da kansa ya karanta. Ya nuna wa ƙanwarsa Saratu wani baƙin tabo a jikin hoton.

"Nan ne ake haɗa magana. Ya mutu. Ba za ta ƙara haɗa kalma biyu ba."

Saratu ta fashe da kuka. Shi kuwa ya mayar da hoton cikin ambulan, ya rubuta magunguna.

Aka dawo da tsohuwa gida. Wata takwas Saratu tana jinya, kuma kamar yadda likita ya faɗa, ko kalma ɗaya ba ta fito ba. Mutane ma ta daina gane su. Amma tana cin abincinta, tana shan furar Delu kullum da hantsi.

Da damina ta kankama, cikin Saratu ya tsufa, dole ta koma wajen mijinta a Tawa ta haihu. Manzo ya ɗauki hutun wata biyu ya zo. Saratu ta bar masa takarda cike: lokacin magani, lokacin juya ta, ludayin da ta saba da shi, har yawan nonon da ake zuba wa furar.

Ranar da ya iso ya kafa dokokinsa. Matan majami'a da ke zuwa ranar Alhamis su yi mata waƙa, ya ce su dakata, hayaniya na tayar mata da tansiyo, wato hawan jini. Maƙwabta su gaida ta daga zaure. Ita ma Delu, ya ce ta riƙa miƙo ƙwaryar fura daga bakin ƙofa.

Delu ta dube shi sama da ƙasa. Ita ta yi masa wanka yana jariri, amma ta miƙa ta juya.

Ya tayar da uwar zaune, ya jingina ta da matashi, ya ɗebo fura ya kai bakinta.

Inna Hannatu ta sa hannun hagu ta jawo mataccen hannun dama, ta ɗora shi kan cinya, ta rufe shi da na hagun. Ta sunkuyar da kai. Ta lumshe ido.

"Inna, buɗe baki."

Ba ta buɗe ba.

Ya jira, ya sake kaiwa, leɓɓan na rufe. Ya ɗauko karne ya rubuta: ta ƙi abinci. A gidan dalili ya sa: barci, ƙila maganin safe ya yi mata ƙarfi.

Ya rage maganin. Da rana ya kawo kunu, ta yi daidai abin da ta yi da safe. Da yamma ya kawo tuwo mai laushi da miyar kuka, haka. Washegari haka.

Ya duba maƙogwaro, lafiya. Ya duba harshe da dasashi, ba miki. Ya auna tansiyo, ya auna suga, ya auna zafin jiki. Abin da ya fi ɗaure masa kai, ruwa tana sha. In ya kawo moɗa sai ta kurɓa ta haɗiye ba ko tari. In abinci ne, sai ta jawo hannun nan ta rufe ido.

Ya kira Saratu. Ya tambaye ta kaurin furar, ya tambaye ta ta wane gefen baki take ba ta, ya tambaye ta ko tana sa sukari.

"Yaya, ni fa ban taɓa shan wahala da ita wajen ci ba," in ji Saratu.

Ya tambayi komai, ta amsa komai. Abu ɗaya ne bai zo masa ya tambaya ba, ita ma bai zo mata ta faɗa ba, don a wurinta abin kamar wanke hannu ne, ba a rubuta shi a takarda.

Kwana uku, kwana huɗu. Ya fara yi mata ƙarin ruwa. Kumatunta suka faɗa, zoben da mijinta ya sa mata ya fara zamewa daga yatsa.

Zan gaya muku gaskiya, Manzo bai ji komai ba. Ba baƙin ciki, ba tsoro, ba fushi. Yana kallonta yadda yake kallon kowane gado a asibiti. Da safe mutane su wuce da hauya a kafaɗa za su noman gero, da la'asar su dawo, shi yana zaune kan kujerar roba yana kallon ruwa na ɗiga cikin tiyo. Furar da ta ƙi sha, shi yake shanyewa a tsaye, bai san ko tana da tsami ko ba ta da shi ba. Wani lokaci yakan tambayi kansa ko haka ake ji in uwa za ta mutu, sai ya tashi ya auna tansiyo.

Gidan dalili kuwa kullum a cike. Yau ya rubuta ciwon damuwa, gobe ya soke ya rubuta sabon tabo a ƙwaƙwalwa, jibi ya soke wannan ma.

Rana ta bakwai jijiyoyin hannunta suka ɓuya, allura ta ƙi shiga. Hanya ɗaya ta rage, ya zura mata tiyo ta hanci har ciki ya riƙa ɗura mata abinci. Ya san za ta fizge shi. Don haka sai an ɗaure hannun hagu a jikin gado, hannu ɗaya tilo da ya rage mata mai rai.

Ya ɗauko wani tsohon zanenta ya yage gefensa. Yana cikin gwada tsumman a wuyan hannunta Delu ta yi sallama da ƙwaryar fura. Ta hango abin da yake yi daga bakin ƙofa. Wannan karon ba ta tsaya ba, ta ture labule ta shigo.

"Mi za ka yi da tsumman ga?"

"Zan ɗaure mata hannu, Inna Delu. Tiyo zan sa mata. In ba haka ba, ba za ta kai mako ba."

"Hannun da yar rage mata guda? Ba ni ludayin nan."

Bai hana ta ba, ba shi da ƙarfin gardama. Delu ta zauna bakin gado, ta ɗebo fura ta kai. Inna Hannatu ta jawo mataccen hannun, ta rufe shi, ta sunkuya, ta lumshe ido.

"Bismilla, Hannatu," in ji Delu.

Tsohuwa ta buɗe ido ɗaya, gefen bakinta ya ɗan motsa kamar za ta yi murmushi, ta sake rufewa.

Delu ta ajiye ludayi ta juyo.

"Kwana bakwai wanga abu taka yi?"

"Kullum. Alamar ciwon ce."

"Alamar ciwo! Kai, Manzo, jira taka yi. Shekara arba'in muna cin tuwo kwano guda da uwarka. Ni in yi bismilla in tsaya, ita sai ta yi wanga abu nata tukun, kana mu sa hannu. Ko ƙwarar gyaɗa ba ta jefawa baki sai ta yi. Yanzu bakin babu, wani taka jira shi yi mata. Ni ban iya taku ba, da na yi mata da kaina."

"Ai ruwa tana sha."

"Wa kat taɓa gani yana addu'ar shan ruwa gidanku?"

Manzo ya tsaya da tsumma a hannu. Ya ajiye shi a gefen gado.

"Inna Delu, ni ban yarda da abin nan ba. Shekara goma sha bakwai rabona da shi."

"Wa yat tambaye ka abin da kay yarda da shi? Uwarka na jin yunwa."

Akwai addu'ar da mahaifinsu ya tsara wa gidan, wadda ake yi kafin kowane abinci. Manzo ya zauna, ya fara ta da muryar da yake karanta wa majinyata takardar magani.

"Ubangiji, mun gode maka domin wannan abinci. Ka albarkaci hannun da ya noma, da hannun da ya dafa. Ka tuna..."

Ya tsaya. Sauran ya ɓace masa. Ya sake cewa "Ka tuna," babu abin da ya biyo.

Sai wata murya ta fito daga gadon, a shaƙe, a karkace, amma kowace kalma a wurinta.

"Ka tuna da waɗanda ba su samu ba."

Delu ta dafe ƙirji. Idon tsohuwa na rufe, ba ta gama ba.

"Ka kiyaye ɗana Manzo, duk inda yake. Wannan bawan naka da ke ba ni abinci kuma, ka hutar da shi, ya gaji. Cikin sunan Yesu."

"Amin," in ji Delu, ba ta ma san ta faɗa ba.

Inna Hannatu ta buɗe ido, ta buɗe baki. Manzo ya ɗauki ludayi. Ta sha, ta ƙara, har ta ga ƙasan ƙwarya.

Da la'asar ya buɗe karnensa. Layin farko na abin da ta faɗa bai ba shi wahala ba. Littattafai sun faɗa, kalmomin da mutum ya haddace tun yarinta sukan tsira ko da magana ta mutu, shi da kansa ya sha koya wa ɗalibai haka. Amma sauran fa? Ba sa cikin addu'ar mahaifinsa. Ya kira Saratu, ta ce ba ta taɓa jin su ba. Sabuwar magana ce, an haɗa ta a lokacin, daga wurin da shi ya nuna da yatsa ya ce ya mutu.

Ya aika wa tsohon malaminsa na Yamai hoton, ya ba shi labari. Malamin ya ce, "Na farkon muna da sunansa. Na biyun, rubuta shi yadda ka ji shi."

Ya rubuta lokaci. Ya rubuta abin da ya faru. A gida na uku ya rubuta: ban sani ba.

Inna Hannatu ba ta ƙara magana ba, kuma ba ta taɓa kiran sa da sunansa ido da ido ba. Amma sau uku a rana yana yin addu'ar, tana ci. Matan Alhamis suka dawo da waƙarsu. Da Saratu ta yi arba'in ta dawo, shi ya koma aiki, amma duk ƙarshen mako yana bisa hanyar Baleyara zuwa Filinge.

Ta rasu da kaka, ana yankan gero. Maƙwabta Musulmi ne suka haƙa kabarin. Manzo bai yi kuka ba. Ya karɓi gaisuwa, ya amsa, ya raka baƙi, fuskarsa kamar ta kullum.

Da mutane suka ragu, Delu ta kawo ƙwaryar fura da ludayi biyu, ta ajiye tsakaninsu a kan tabarma.

"Tun jiya ba ka sa komi cikinka ba. Bismilla."

Ya ɗauki ludayi, ya ɗebo, hannun ya tsaya a hanya. Ya mayar ya ajiye. Ya ɗora hannun hagu kan na dama, ya sunkuyar da kai. Yana kaiwa "duk inda yake" muryar ta karye, kukan da ya ƙi zuwa tun ranar hoton nan ya zo gaba ɗaya.

Delu ta riga ta yi bismillarta. Ta riƙe ludayinta ba ta kai baki ba, tana jiran sa ya gama, yadda ta jira uwarsa shekara arba'in.

Kada ku tambaye ni ko ya koma majami'a, ban bincika ba. Abin da na sani, karnen yana nan a aljihunsa, kuma yanzu akwai shafukan da gida na uku ke zama fanko.

Darasi: Ilimin likita ni'ima ce, kada wani ya bar asibiti ya ce addu'a kaɗai ta ishe shi. Amma ilimi yana da inda ya tsaya. Yakan auna jini da jijiya, ba ya auna abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, kuma wanda ya raina bangaskiyar iyayensa yana iya barin su da yunwa alhali abinci na hannunsa. In ka kai inda saninka ya ƙare, ka ce ban sani ba, ba faɗuwa ba ce. Ku tura wannan ga duk mai jinyar tsoho a gida, da duk wanda karatu ya sa yake ganin ya gama sanin komai.