Ƙofar da Ba A Shiga a Tsaye

A gyara zama, mai tari ya yi shi tun yanzu. Akwai wata ƙasa da ba ta gabas ba ta yamma, tana cikin jikin wani mutum ƙaƙƙarfa, kakkaura, mai taurin rai, wanda bai taɓa riƙe biro ba amma cuta ba ta taɓa cin galabarsa ba. Sunanta Ƙasar Jini. Hanyoyinta koguna ne jajaye jawur masu gudu ba tsayawa, sarkinta kuwa Bugau ne mai tambarin Zuciya, wanda tun ranar da aka naɗa shi bai daina bugu ba, domin ranar da ya daina, ƙasar ta tashi ke nan.

Mutanen ƙasar duk 'ya'yan mace ɗaya ne, Inna Ɓargo, mazauniyar kogon ƙashi. Akwai Jajaye, 'yan dako masu laushin jiki da laushin hali, waɗanda ke ɗauko iska daga kasuwar Huhu su raba ta unguwa-unguwa. Akwai Farare, waɗanda likitoci ke kira fararen ƙwayoyin jini, mayaƙa ne da ba sa riƙe takobi ko mashi, rungume abokin gaba suke yi su haɗiye shi ɗungurungum. A cikinsu babu kamar Haɗiyau ɗan Ɓargo, fari tas, ƙato, mai baki kamar rijiya, wanda bai san tsoro ba, bai san ƙoshi ba. Abu ɗaya ke tausasa shi, shi ne ƙanensa Jatau, ɗan dako mai yawan dariya.

Ana nan sai aljana Masassara ta shigo ƙasar ta tsinin bakin sauro. Ta ɓuya a birnin Hanta, ta hayayyafa, sannan ta saki 'ya'yanta cikin koguna, kowanne ƙarami kamar zobe. Wayonsu ɗaya ne, amma mugu: ba sa tsayawa a yi gaba da gaba. Cikin ɗan dako suke shiga su zauna, su cinye shi ta ciki, bayan kwana biyu su fasa shi su fito su goma sha shida, kowanne ya nemi wani. Farare suka yi ta kai da kawo da baki buɗe, ba su ga kowa ba sai 'yan'uwansu.

Sarki ya fusata, ya sa aka hura wuta a ko'ina har ganuwar ƙasar ta riƙa karkarwa. Sannan ya tara Farare ya ce, "Duk ɗan dakon da aka yi zargin aljani na cikinsa, a haɗiye shi da abin da ke cikinsa. Haɗiyau, kai ne gaba. An ce jiya an ga zoben ya shiga Jatau, da shi za ka fara."

Haɗiyau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya miƙe tsaye ƙiƙam. Ya ce, "Ranka ya daɗe, na haɗiye dubu don kai, kuma gobe ma zan haɗiye. Amma wannan ba zan yi ba."

Sarki ya ce, "Ni kake wa gardama?"

"Kai nake wa, Allah ya ja zamaninka. In muka cinye 'yan dako, wa zai kawo maka iskar da kake bugun tambarin nan da ita? Ni? Ko ƙwaryar iska ban iya ɗauka ba. A ba ni yini ɗaya."

Sarki ya ce, "Na ba ka. In Jatau ya fashe kafin nan, jinin duk wanda 'ya'yan Masassara suka shiga yana wuyanka, kai ma haɗiye ka za a yi."

Haɗiyau ya faɗa babban kogi, ya ratsa kufan Hanta inda aljana ta bar ɗakuna a rurrushe, ya ƙetare tafkunan Ƙoda masu gishiri, zafin wutar Sarki na dafa masa baya, yana kiran sunan ƙanensa rariya-rariya. Can a wani lungu siriri, matsattse, inda ruwa ke tafiya da ƙyar, ya iske Jatau manne da bango, jikinsa ya yi tauri, dariyar nan duk ta tafi.

Jatau ya ce, "Yaya, ka zo cinye ni? Yi sauri, na gaji."

"Rufe mini baki. Kai da ko loma ɗaya ba ka kai ba?"

Sai wata murya siririya, mai zaƙi da dafi, ta fito daga cikin Jatau, domin Masassara da kanta ce ta shige shi. Ta ce, "Sannu da zuwa, babban maciyi! Ga ni, haɗiye ni mana. Sai dai ta kan ɗan uwarka za ka bi. Ko ka jira gobe, in fito maka da kaina, ni da 'ya'ya goma sha shida."

Haɗiyau ya dube ta, ya dubi bangon. Ya ce, "Ke da kike cika baki haka, me ya sa kika liƙe shi a nan? Ina ne kike tsoron ruwa ya kai ki?"

Aljana ta ƙara liƙe Jatau da bango. Wannan kuwa ya ishe shi amsa, domin duk ruwan ƙasar ta wuri ɗaya yake bi, ta ƙofar Saifa. Ya sa ƙarfi ya ɓamɓare Jatau daga bango, Jatau na ihu, aljana na zagi, ya goya shi ya bi ruwa.

Saifa tsohuwa ce tukuf, baƙa wuluk, mai idon tantance tsakuwa a cikin gero, kuma ƙofarta ita ce mafi ƙanƙanta a duk ƙasar, tsaga ce kawai a jikin dutse. Al'ada ce tun kaka da kakanni kowane ɗan dako ya rusuna mata, ya lanƙwashe kamar ganye, ya wuce. Wanda ya kasa, nan Farare ke gamawa da shi.

Ta ce, "Ɗan nan, gawa ka kawo mini?"

"Mai rai na kawo, Kaka. Shi ya iya rusunawa, tun yana ƙarami ba ya wuce babba a tsaye. Wadda ke cikinsa ce ba ta taɓa sunkuyar da kai ga kowa ba."

Saifa ta tattaɓa cikin Jatau, ta ce, "Har yanzu zobe ce, ba ta cika shi ba. Ya gwada. Amma zai ji a jikinsa."

Aljana ta daka tsawa, "Ni 'yar Sauro, wadda ta kwantar da sarakuna, in durƙusa wa wannan tsohuwar? Jatau, miƙe!" Jikin Jatau ya sandare.

Haɗiyau ya durƙusa a gabansa ya ce, "Jatau, Kaka ce fa. Ina gaisuwarka?"

Jatau ya dubi tsohuwa, kunya ta kama shi. Ya ce, "Ina wuni, Kaka," ya sunkuya. Ya cusa kai cikin tsagar, kafaɗu suka bi, yana nishi, yana kiran sunan Inna, jikinsa na miƙewa kamar zare. Duk ya wuce sai wuri ɗaya, inda aljana ta ƙame a tsaye ta ƙi lanƙwasa. Jatau ya yi wani yunƙuri, fata ta tsage, ya faɗa can ƙetare a raye. Masassara ta zube a wannan gefen, tsirara, 'yar mitsitsiya, a gaban bakin Haɗiyau.

Ta ce, "Tsaya mu yi magana."

Ya ce, "Yi a ciki." Ya haɗiye ta, ko ruwa bai nema ba.

Daga ranar aka daina cin 'yan dako a kan zargi. Farare suka bazu lungu-lungu suna ɓamɓaro 'yan'uwansu zuwa ƙofar Saifa. Waɗanda aljanu suka riga suka cika ba su tsira ba, kuma an yi kukansu, amma da yawa sun wuce. Sarki ya sa aka janye wuta, gumi ya karyo a kan ganuwa kamar ruwan Agusta. Haɗiyau ya koma fada riƙe da hannun Jatau, wanda ke ɗauke da tabo a ciki da ƙwaryar iska a ka. Sarki ya sheƙi iskar, ya ce, "Mai gardama, matso." Ya naɗa shi Sarkin Ƙofa, ya zaunar da shi kusa da Saifa, ya kuma sa Farare su haddace kamannin aljanar nan don gaba.

Shi kuwa mai ƙasar, da mata suka fara taruwa a kansa suna salati, sai ya tashi zaune a kan tabarma ya ce a kawo tuwo, malmala biyu, kada a rage miya. Dangin Masassara sun sake dawowa damina bayan damina, sun tarar an san fuskarsu. Yau shekararsa tamanin da bakwai, da ƙafarsa yake zuwa gona, tambarin Bugau na nan yana tashi. Allah da ya tsaga wannan ƙofa, Shi ne abin godiya.