Ɗan Farin Sarkin Kasuwa

An yi wani Sarkin Kasuwa a garin Tudun Gawo, sunansa Jatau. Ɗansa na fari, Tanimu, ya zama saurayi, amma fahimtarsa a hankali take tafiya. Yaro ne mai fara'a, sai dai in baƙo ya zo, ba durƙuso ba gaisuwa, ya rungume shi, ko ya tsoma hannu a akushinsa. Kunya ta ishi Jatau. Da aka sake yi wa Jatau haihuwa, suna ya matso, sai ya yanke shawarar tura yaron ƙauye wurin masu yi masa noma, ya zauna can ke nan.

Da hantsi yayarsa Delu ta same shi a zaure. Tsohuwa ce mai tsiya, ita kaɗai ke kiran sunansa gatsal.

Ta ce, "Jatau, an ce za ka naɗe yaro ka ajiye kamar tsohuwar tabarma?"

Ya ce, "Yaya, na gaji. An yi faɗa, an yi tsawa, ba ya ji."

Ta ce, "Oho, tsawa! Gyara zama ka ji yadda Kaza ta yi da ɗan zabo."

Wata mata ta sa wa kazarta ƙwan zabo cikin nata, ta ƙyanƙyashe. 'Yan tsaki suka iya zaman tsakar gida nan da nan. Ɗan zabo kuwa, in an watsa tsaba ya tattake kowa, in an yi motsi ya zura da gudu. Zakara ya ce a kora shi daji. Kaza ta kai kukanta wurin tsohuwar Agwagwa.

Agwagwa ta ce, "Ke ma halin Gambo za ki yi?"

Kaza ta ce, "Wane ne Gambo?"

Agwagwa ta ce, "Wani mai koyon rini ne. Ya tsoma farin ƙyalle a ramin baba, ya ɗago, ya gan shi kore-kore. Ya yi tsaki, ya ce wannan ba ya kama rini, zai jefar. Maigidansa ya ce, 'Shanya ya sha iska, ka sake tsomawa.' Ya yi ta tsomawa yana shanyawa, har ƙyalle ya yi shuɗi. Maigidan ya ce, 'Ka gani? Ƙyallen bai ƙi ba, kai ne ka gaji da wuri.' To ke, Kaza, sau nawa kika tsoma naki?"

Kaza ta ja ɗan zabo bayan rumbu, inda ba hayaniya. Yau ta zama Zakara, gobe ta zama baƙuwa, tana nuna masa abu ɗaya tak: a tsaya, a gaisa, sannan a ci. In ya yi daidai ta yabe shi, in ya kuskure su sake. Bai zama kaza ba har abada, amma ya ci tsaba cikin 'yan'uwa lafiya lau.

Delu ta dubi ƙanenta, ta ce, "Kaza dai da kanta ta je bayan rumbu, ba aike ta yi ba."

Jatau ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Yaya, ɗan fari ne fa. Kin san al'ada. Ko sunansa ban taɓa kamawa ba, balle in zauna da shi."

Ta ce, "Na sani sarai. Sauran yara a hanya suka tsinci gaisuwa, alkunyarka ba ta rage su da komai ba. Wannan kuwa sai an zauna an nuna masa. Kira shi. Kai ne baƙo yau."

Jatau ya yi gyaran murya, bakinsa ya yi nauyi. Can ya ce, "Tanimu!"

Yaro ya leƙo, ya waiwaya bayansa, ya sake duban ubansa. Ya ce, "Baba, ashe ka san sunana?"

Wallahi maganar ta soki Jatau, idonsa ya cicciko. Ya fita waje, ya yi sallama kamar baƙo. Delu ta nuna wa yaron yadda ake cire takalmi a durƙusa. Tanimu ya durƙusa, ya ce ina kwana, ya miƙe ya rungume uban. Delu ta tuntsire da dariya, ta ce, "Tsomi na farko ke nan!"

Jatau bai janye jikinsa ba. Ya ce, "Na ji, Yaya. Ba inda zai je. Tanimu, koma ciki, zan sake sallama."