Injin da Ba Ya Son Juye

Alhaji Barau dai kun san shi, mai filin da garejin Ila bakanike yake kai. Ya sayo wata 'yar ƙaramar mota mai turbo, wato injin da ake hura wa iska kamar zugazugi don ya yi aikin babba. Shekara biyu yana fafara ta bai taɓa juye baƙin mai ba, har ta fara hayaƙi kamar murhun mai ƙosai.

Ya jawo ta gareji, mutane cike, ya ce, "Kai Ila! Ka gyara ta yadda ba za ta ƙara neman juye ba har abada. In ka kasa, Juma'a ka kwashe tarkacenka daga filina."

Ila ya goge hannu da tsumma. "Ranka ya daɗe, ai wannan ƙaramin aiki ne. Iri kawai za a sa mata, kamar yadda ake wa nono."

"Wane iri?"

"Baƙin mai, ludayi ɗaya tak. Amma daga motar da ta shekara goma tana gudu ba a yi mata juye ba."

Alhaji ya daka tsawa. "Kai mahaukaci ne? Ina za a sami wannan? Ai ko shekara uku ba za ta kai ba injin zai buga!"

Ila ya juya wajen jama'a. "Kun ji ko? Ashe Alhaji ya fi ni sanin aikin. Ranka ya daɗe, taka saura shekara ɗaya. In kwance ƙusar man mu yi juye, ko mu jira?"

Har yau garejin yana nan.