Fatoman Baƙo a Zauren Magina

Wannan hikaya na tsince ta a tsohuwar kwamfutar kawuna Malam Nagoma, wadda ba ta tashi sai an mare ta a gefe. Shi ma ya ce a rubutun mutanen dauri ya gan ta. In kun ji gishiri ya yi yawa, nasa ne.

An ce a wani zamani akwai babban shafi a intanet mai suna Zauren Magina, inda masu rubuta manhaja na ƙasashe suke taruwa, kowa da ɗakin ajiye aikinsa. Mai zauren shi ne Sarki Barmo, wazirinsa Gwadabe. Duk mai shiga sai ya karɓi suna da kalmar sirri a ƙofa, kundin kalmomin kuwa yana hannun sarki. Mutane suka kai dubu ɗari tara, ɓarayin intanet suka yi ta zagaya kundin kamar kura da garken awaki. Sarki har ya rame.

An ce cikin mutanen zauren akwai wata dattijuwa, Tabawa, mutuniyar Gumel. Ita da mijinta Shekarau sun shekara goma sha ɗaya suna rubuta manhajar da ke gaya wa manoma lokacin shuka, a ɗakin da su biyu kaɗai ke shiga. Nan suke bar wa juna saƙo a gefen aiki, faɗa da tsokana, alhali a kwano ɗaya suke cin tuwo. Da ciwo ya kwantar da shi ta bar aiki ta koma jinya, har Allah ya karɓi abinsa.

Bayan shekara uku kewa ta ci ƙarfinta, ta dawo ƙofar zaure. Kalmar sirrinta ta ɓace mata, tasa ta bi shi kabari, ma'aikatar da ta ba ta imel kuwa an rufe ta tuni.

Mai gadin ƙofa ya ce, "Iya, ki buɗe sabon suna mana."

Ta ce, "Ɗan nan, sabon suna ɗaki wayam zai ba ni. Ni maganar mutumin nan nake so in sake karantawa. Muryarsa ta fara gushe mini."

Ya ce doka ce. Ta yi ta dawowa duk mako, har Waziri ya san fuskarta.

Ana nan sai sarki ya sa aka yi shela: wa zai gaya masa yadda zai san mai shigowa ba tare da ya riƙe masa makulli ba? Gwanaye suka taru. Wani ya ce a tsawaita kalmar sirri, wani ya ce a riƙa sauya ta duk wata, wato mai ciwon kai a ƙara masa rawani. Da suka gaji, Waziri ya shigo da Tabawa.

Ta durƙusa ta ce, "Allah ya ja zamanin sarki. Amsa ba ni da ita, sai labarin kakana Jatau."

Sarki ya ce, "Faɗi, Iya, muna ji."

Ta ce, "Jatau fatken goro ne a hanyar Gwanja. Garin da yake sauka, sarkin kasuwa ba ya riƙe sirrin kowane baƙo. Kowane baƙo yana da fatoma, wato mai masaukin da ya zaɓa da kansa, ya san shi ciki da waje. In baƙo ya tsaya a ƙofa, sai a aika wa fatomansa: ka san wannan? In ya ce nawa ne, an wuce wurin. Da shaidar nan ɗaya Jatau ke shiga kasuwa goma."

Sarki ya ce, "To in fatoman ya mutu fa?"

Ta ce, "Ran sarki ya daɗe, haka ta faru. Wata shekara ya iso ya tarar an yi addu'ar bakwai ɗin fatomansa. Ya kwana tara a bayan gari da jakunansa, goro na bushewa, yana hangen kasuwar da ya sani kamar tafin hannunsa. Tun daga ranar fatoma biyu yake riƙewa."

Sarki ya ce, "Lallai da tsohuwar zuma ake magani." Ya yi umarni kowa ya zaɓi shafin da ya yarda da shi, babba ko ƙarami, ɗaya ko biyu. Can zai ba da kalmarsa, zaure kuwa ya tambaya kawai: kun san wannan? Shafin da aka kama da ƙarya, a daina karɓar shaidarsa.

Sannan ya ce, "Iya, roƙi abin da kike so."

Ta ce, "Ɗakina, ranka ya daɗe."

Waziri ya duba tsohon sunanta, ya ga tun farko ta rubuta adireshin ɗan shafinta na ƙungiyar manoman Gumel, wanda har yau take shiga. Aka aika can. Ta ba su kalmarta ta can, suka amsa wa zaure: tamu ce. Ƙofa ta buɗe.

Komai na nan yadda suka bar shi. A can ƙasa akwai saƙo ɗaya da ba ta taɓa gani ba, ya rubuto shi daga gadon jinya:

"Tabawa, layi na ɗari biyu da shida akwai kuskure, kuma naki ne. Ban gyara ba, don in kin dawo ki sami abin yi."

Ta yi dariya har hawaye suka zubo. Ta duba layin, ta ce, "Wallahi naka ne, Malam." Ta ja kujera ta gyara.

Masu hikima suka ce sarki ya huta ran da ya yarda ba shi kaɗai ya san mutane ba. Ni dai abin da na ɗauka, mutum ya riƙe masu cewa "namu ne" tun ƙofa ba ta rufe ba. Iyakar abin da kawu ya bari ke nan, sauran sani na Allah ne.