Ranar Da Aka Kama Hasiya Mai Masa Da Gatari

Akwai wata dattijuwa a bayan Daɗin Kowa mai suna Ngo Yael. Ita da mutanen unguwarsu suka dasa itatuwa a tsohon filin haƙar kuza, har wurin ya zama kurmi.

Duk shekara wata ƙungiya kan zo ta auna kaurin itatuwan. Sun ce itace yana shanye gurɓatacciyar iskar kabon ya adana, don haka za a riƙa biyan unguwa muddin ba a sare ba, bai kuma ƙone ba.

Wata safiya masu gadi suka kama Hasiya mai masa ta kayar da wani ƙaramin itace. Gas ya yi tsada, ga marayu huɗu a gabanta.

Pwajok, shugaban kwamitin kurmin, ya harzuƙa. "A kai ta wurin 'yan sanda! Saura wata biyu masu awo su zo, so take mu rasa komai?"

Hasiya ta sunkuyar da kai.

Ngo Yael ta dubi mutanen da suka taru. "A cikinku wa bai taɓa cin masarta ba?"

Ba ta jira amsa ba, ta ci gaba.

"To da me za ta soya? Da yawu?"

Har Pwajok sai da ya murmusa. Ngo ta kama hannun Hasiya. "'Yata, ɗanye haramun ne. Amma busassun rassa ga su nan sun cika ƙasa. Kira 'yan uwanki mata, duk Asabar ku kwashe. Wanda kika sare kuma, ki dasa biyar."

Da rani ya yi, wasu mafarautan gafiya suka cinna wuta a gefen kurmin. Hasiya na ɗaure itace ta hango hayaƙi. Ta saki ihu, mata suka yanko ganye suka yi ta bugu har maza suka iso. Da yake an share busassun rassa, wutar ba ta samu abin ci ba.

Masu awo suka zo, kurmi lafiya lau. Da kuɗin aka haƙa wa unguwa rijiyar burtsatse.

Ranar buɗe ta, Pwajok ya tsugunna gaban kaskon Hasiya. "Mama, ki yafe mini."

Ta zuba masa masa mai zafi. "Oga, ci. Yau kyauta ce."

Darasi: Kafin ka hukunta mai laifi, tambayi abin da ya tura shi. Wanda ka rufa wa asiri yau, shi zai tare maka gobara gobe. Ku tura wa maƙwabtanku su karanta.