Mashigar Ruwa ta Huɗu

Ranar da na fara ganin Malam Habila, ruwan sama ya jiƙa masa kafaɗa ɗaya, domin laimarsa jakar kwamfuta ya riƙa wa. Ya zo ofishinmu na ƙungiyar manoma ne don ya sa mana manhajar da za ta riƙe sunayen mambobi da gonakinsu. Ni ce mai shigar da bayanai, saboda haka kusa da ni ya jawo kujera. Har yau ina tuna yadda yake nuna allon da gindin biro.

"Malama Tabita, kin ga waɗannan sassa huɗu? Tare suke zuwa, kuma kowanne zai buɗe in kin danna. Amma uku kawai lasisinku ya ba ku. Na huɗun nan, mai fitar da rahoto cikin minti ɗaya, ba ku da izininsa. Ni na sa hannu cewa ba za a taɓa shi ba."

Babban ofishinmu yana da izinin na huɗun. Briskila ce ke aiki da shi a can. Kwana uku Malam Habila ya yi yana koya mata, ni kuwa yini ɗaya na samu. Duk taron wata sai ta zo da rahotonta mai launi-launi, ta ce, "Tabita, har yanzu da hannu kike haɗawa? Sannu da ƙoƙari." Daga abin da na aikata bayan haka wannan misali ya fito, kuma shi na ba wa ajinmu na matasa a coci ran Lahadin da ta wuce.

Akwai wani mutum mai lambu a bakin rafi. Ya haƙa hanyar ruwa guda ɗaya da ta ratsa lambun daga sama har ƙasa, ya yi mata mashigai, kowace mashiga ya toshe ta da curin laka. Ya kira wata mace ya ce, "Ga fili uku, ga mashigai uku, naki ne. Ta huɗun da ke gefenki, ki bar ta a toshe."

Matar ta shuka alayyafo da albasa da yakuwa, suka yi kyau. Ta yi murna, har ranar da ta ɗaga kai ta duba ƙetaren hanyar ruwa. Can akwai maƙwabciyarta, wadda aka ba mashigai huɗu. A fili na huɗun ta shuka tumatir, ya nuna jajir. Mai lambu in ya zo wucewa yakan tsaya a wurin, ya ɗaga ganye, su yi magana, su yi dariya.

Daga ranar alayyafon matar ya daina yi mata kyau a ido. Tana ban ruwa tana leƙen tumatir. Tana cire ciyawa tana auna daɗewar mai lambu a wancan gefe. Ta ce a ranta, "Da me ta fi ni? Hannuna bai fi nata sanyi ba."

Wata rana da hantsi ba kowa a lambun. Ta tsaya a kan mashiga ta huɗu. Ba dutse, ba ƙofa, laka ce kawai. Ta ce, "Ba shuka zan yi ba. In ga dai yadda ruwa zai kwanta." Ta ture lakar da diddige. Ruwa ya shiga busasshen filin, ya miƙe har ƙarshensa. Ta kalla har ta ƙoshi, ta mayar da lakar, ta shafe sawunta. Kafin la'asar rana ta busar da wurin.

Bayan kwana goma mai lambu ya zo zagaye. A tsakiyar busasshen filin ga ciyawa kore shar, ta bi sawun ruwan tun daga mashiga har ƙarshe.

Ya ce, "Wa ya buɗe nan?"

Ta ce, "Sau ɗaya ne. Kuma in ba ka so a buɗe, me ya sa ka toshe da laka?"

Ya ce, "Na toshe da laka ne domin ranar da za ki roƙa, in buɗe miki da hannu ɗaya. Maƙwabciyarki ma da uku ta fara. Ta zo ta roƙa, na ce ta jira, ta jira, ta sake roƙo."

Bai kore ta ba, bai ƙwace filayenta uku ba. Amma ya mirgino dutse ya ɗora a kan mashiga ta huɗu. Daga ranar kuma, in ya zo gefenta, mashigai yake fara dubawa kafin ya dubi fuskarta.

Ga abin da misalin nan yake nufi. Mai lambu shi ne Ubangiji, da kuma duk wanda ya danƙa mana amana. Mashigai uku su ne abin da aka ba mu. Ta huɗu ita ce abin da hannunmu zai kai amma ba a ce namu ba ne: mabuɗin ɗakin da aka bar mana don shara, wayar ɗan'uwa da ba a kulle ba, sashen manhaja da lasisi bai kai gare shi ba. Sauƙin buɗewa ba izini ba ne. Sau da yawa girmama mu aka yi da ba a sa dutse ba.

Ku lura kuma, ba yunwa ce ta ture lakar ba. Matar tana da abinci. Kishi ne ya sa uku suka zame mata kamar babu. Kishi yakan nuna mana tumatir ɗin maƙwabciya, ya ɓoye mana roƙon da ta yi da jiran da ta yi. Ciyawar kuwa shaida ce. Manhajar ofishinmu takan rubuta ranar da aka taɓa kowane sashe, ko da sau ɗaya ne. Zuciya ma haka take, Allah kuma yana karantawa.

Malam Habila cocinmu yake zuwa, a bencin baya yake zama. Ran Lahadin nan yana wurin, ya ji misalin. Da aka tashi na same shi a bakin ƙofa.

"Malam, matar nan ni ce. Na danna na huɗun a watan jiya."

Ya ce, "Ran Alhamis masu binciken lasisi za su zo, kuma sunana ne a takardar. Gobe zan rubuta musu, kafin su gani da kansu." Ya juya hularsa a hannu. "Briskila sau biyu ta rubuta kafin a nema mata izini. Ke ba ki taɓa tambayata kome ba, Tabita. Ko sau ɗaya."

Wannan ne karo na farko da ya kira sunana ba Malama.

Na ce, "Tare za mu rubuta, sunana a sama da naka. Kuma na yi alkawari a gaban Allah da gabanka: daga yau abin da ba a ba ni ba, zan buɗe baki in roƙa, in an ce in jira in jira. A ofis, da inda ba ofis ba."